Yadda ake daidaita jadawalin fetur bayan an sa wa mota manyan injektoci

Idan ka cire injekta, wato mai fesa wa inji fetur, mai zuba cc 240 a minti ka sa mai cc 440, ƙwaƙwalwar motar, wato ECU, ba ta san an yi ba. Za ta ci gaba da buɗe shi na tsawon lokacin da ta saba, sai fetur ya shiga silinda kusan ninki biyu. Salansa ta dinga fitar da baƙin hayaƙi, fulogi su yi baƙi ƙirin, fetur kuma ya gangara ya tsinka man inji. Mutane da yawa daga nan sai su ruga jadawalin fetur, wato teburin lambobin da ECU ke bi wajen zuba fetur, suna rage lambobi gurbi-gurbi. Ba nan ne mafari ba. Jadawalin lafiyarsa ƙalau, bayanin injekta da ke cikin ƙwaƙwalwar ne ya zama ƙarya.

Kafin komai, ka kwafe fayil ɗin asali na ECU ka adana shi waje biyu. Ka auna injektan da mita: masu kusan om 12 ba sa musanya kai tsaye da masu om 2 zuwa 4, domin masu ƙaramin om za su iya ƙona kewayen wutar da ke sarrafa injekta. Sannan ka ɗaura sensar iskar oksijin mai faɗin awo a salansa. Wadda masana'anta ke sa wa galibin tsofaffin motoci kusa da 14.7, wato awon iska kashi 14.7 ga fetur kashi ɗaya, kawai take iya karantawa daidai.

Yanzu ka shigar da girman injektan. Yawanci ana auna shi ne a matsin fetur na ba (bar) 3, kwatankwacin psi 43.5. In famfonka yana aiki a ba 4, injekta mai cc 440 zai zuba kusan cc 508, don haka wannan lambar za ka rubuta. In manhajarka da fam a awa take lissafi, fam ɗaya ya kai wajen cc 10.5 a minti. Wasu ƙwaƙwalen ba su da gurbin girma, sai dai ka raba tsohon da sabon, 240 bisa 440, ka ninka lokacin feshi da 0.545.

Mataki na gaba shi ne inda ake yawan kwafsawa: jinkirin buɗewa. Daga lokacin da wuta ta isa injekta zuwa lokacin da allurarsa ta ɗaga, akwai ɗan taƙi, sau da yawa wajen milisakan ɗaya. Wannan jinkiri yana tsawaita idan ƙarfin batir ya ragu, shi ya sa kamfani nagari ke haɗo takarda mai nuna shi a bolt, wato ƙarfin wuta, daban-daban. Ka shigar da lambobin duka, kada ka bar na tsohon. A babban gudu, inda feshi ke kai milisakan 15, ɗan kuskure ba ya nunawa. Amma idan inji yana aiki a tsaye ba a taka totur ba, feshin babban injekta bai fi milisakan 2 ba, kuskuren 0.2 ma ya isa ya sa mota kakkarwa. A ganina, injektan da aka sayar ba tare da wannan takarda ba, arharsa ba riba ba ce.

Ka tayar da inji, ka bar shi ya yi zafi sosai, ka share gyare-gyaren da ECU ta koya a baya. Sai ka zuba ido kan adadin fetur da take ƙarawa ko ragewa da kanta. Idan kuskuren iri ɗaya ne ko'ina, a ce 8 cikin 100 a tsaye da kuma a tafiya, girman injekta ne bai yi daidai ba. Idan kuwa a tafiya lafiya lau amma a tsaye ya kauce, jinkirin ne. Ga gwaji mai sauƙi: kunna manyan fitilu da fanka da na'urar sanyaya mota gaba ɗaya. In awon ya karkata ya ƙi dawowa, ka sake duba lambobin ƙaramin bolt.

Sai gyaran ya sauko ƙasa da 5 cikin 100 sannan ka taɓa jadawalin kansa, kaɗan-kaɗan, kana daidaita gurbin da ka gyara da maƙwabtansa. Taka totur har ƙasa shi ne na ƙarshe, a kan na'urar gwajin ƙarfin inji, ba a titi ba. Inji marar turbo yana son awon iska da fetur 12.5 zuwa 13, mai turbo 11.5 zuwa 12. Da ka ga awo ya haura haka ko ka ji ƙarar ƙwanƙwasa, ɗaga ƙafa nan take. Ka kuma tabbatar injektan ba ya zama a buɗe fiye da kashi 85 cikin 100 na lokacinsa.

Washegari da safe, inji a sanyaye, ka gwada tayarwa. Wasu ƙwaƙwalen suna ajiye fetur ɗin tayarwa a jadawali na daban wanda bai bin lambar girma, shi ma sai ka rage shi da hannu.