Yadda Ake Ƙaura da Murjani da Kifaye Zuwa Babban Tankin Ruwan Gishiri

Wanda ya yi shekara 2 ko 3 yana kiwon murjani mai rai a tankin lita 200 ya san ranar da wuri zai yi masa kaɗan. Murjani ya bazu har yana harbin maƙwabcinsa, kifaye sun girma, ido ya fara hango tanki mai lita 600. Babban tanki ya fi daɗin riƙewa, domin ruwa mai yawa ba ya saurin sauya zafi ko gishiri. Sai dai a lokacin ƙaura aka fi yin asara, kuma dalilin kusan ɗaya ne: mutum ya ɗauka ruwa da kifi yake kwashewa, alhali ran tankin yana jikin duwatsu. Bakteriyar da ke mayar da amoniya, wato gubar da ke fitowa daga ƙazantar kifi, naitirait, sannan ta mayar da shi naitiret mai ƙarancin illa, a jikin duwatsu da yashi take zaune, wadda ke yawo a ruwa kaɗan ce. Duk shirin da za ka yi, ka gina shi a kan kare ta.

Fara da ƙasan ɗakin

Tun ran gini, tun ran zane. Kafin ka zaɓi tanki, ka yi lissafin nauyi. Lita ɗaya ta ruwan teku ta ɗan haura kilo 1. Tanki mai tsawon santimita 180, faɗi 60, tsayi 60 yana cin kusan lita 650, gilashinsa kaɗai ya wuce kilo 100. Ka haɗa da duwatsu, yashi, teburin da zai ɗauke shi da tankin ƙasa, wato ƙaramin tankin da ke ƙarƙashin teburin inda ruwa ke gangarawa a tace shi, za ka ga an doshi tan 1 a wuri ɗan ƙarami. Idan a bene ne, ko daɓen katako ne, ka kira injiniyan gini ya duba, kuma a ajiye tankin kusa da bangon da ke ɗauke da ginin. Ka auna ƙofofi da kwanar matakala. Ka nisanci tagar da rana ke shigowa kai tsaye. Teburin kuma ya zauna daidai ta kowace fuska, don ɗan karkacewa yana matsa wa silikon ɗin da ke riƙe da gilashi, a kwana a tashi ya saki.

Ruwan gishiri da lantarki ba sa ga maciji. A sa na'urar da ke katse wuta da zarar ta yi yoyo, soket ya kasance sama da inda ruwa zai iya fantsama, kowace waya kuma ta sauko ƙasa kafin ta hau soket, yadda ɗigon da ya bi ta zai faɗi ƙasa.

Kayan aiki

A ganina tsawo da faɗi sun fi zurfi amfani. Tankin da ya wuce santimita 60 a zurfi, hannu ba ya kai ƙasansa da sauƙi, haske ma yana raunana kafin ya isa. Kayan tsohon tanki galibi ba za su wadatar ba: kana bukatar sikima, wato na'urar da ke fitar da datti ta hanyar kumfa, wadda ta dace da sabon girman, ƙarin famfunan motsa ruwa, da ƙarin fitilu. Hita 2 matsakaita sun fi 1 babba, domin in ɗaya ta maƙale a kunne ba za ta dafa tankin ba, in ta mutu kuma ɗayar na nan.

Gwaji da ruwan banza

Ka haɗa bututu, ka cika tankin da ruwa marar gishiri, ka bar shi yana zagayawa kwana 2 ko 3 kana duba kowace gaɓa. Sai ka kashe famfon da ke mayar da ruwa sama, kamar an ɗauke wuta, ka tsaya ka gani ko tankin ƙasa zai ɗauke ruwan da zai gangaro ba tare da ya malala ba. Wannan gwajin ba a tsallake shi.

Haɗa ruwa da rainon duwatsu

Zubar da ruwan gwaji, ka cika da ruwan da na'urar RO/DI, mai cire ma'adinai da datti daga ruwan famfo, ta tace, ka zuba gishirin tankin murjani har ma'aunin gishiri ya nuna 1.025 zuwa 1.026, zafi kuma digiri 25 ko 26. Sauran ma'aunai su bi na tsohon tanki: alkaliniti, wato ƙarfin ruwa na hana kansa yin tsami, tsakanin 8 da 9 a ma'aunin dKH, kalsiyam 400 zuwa 450, magnesiyam wajen 1300. Murjani ya fi jure adadin da bai cika daidai ba a kan tsallen farat ɗaya, musamman a alkaliniti, saboda haka abin da ya saba da shi za ka kwaikwaya.

Yashi sabo za ka sa. Tsohon yashi, musamman mai kauri, ya tara datti na shekaru, ƙasansa kuma na iya ɓoye iska mai guba mai warin ruɓaɓɓen ƙwai. Ka ɗebi kofi 1 ko 2 daga samansa ka yayyafa a sabon, ya isa iri. Idan ka ƙara busassun duwatsu, suna bukatar mako 4 zuwa 6 kafin bakteriya ta kama su, har amoniya da naitirait su koma sifili. Shi ya sa, in akwai wuri, mafi alheri shi ne tankunan biyu su yi aiki tare na wasu makonni, ana kwashe kaya kaɗan-kaɗan. Wanda dole sabon tankinsa ya zauna a gurbin tsohon, sai ya raini duwatsun a babbar roba tun da wuri.

Ranar ƙaura

Ka daina ba kifaye abinci kwana 1 kafin ranar, don rage ƙazantar da za su yi a roba. Ka tanadi robobi masu tsafta da sabulu bai taɓa shiga ba, hita, ƙaramin famfo, tawul da yawa, da ruwan gishiri haɗaɗɗe fiye da yadda kake zato. Ka nemi mataimaki, aikin yakan cinye yini.

Da farko ka zuƙe ruwa mai tsafta daga sama da tiyo, tun kafin ka taɓa komai ya gurɓace, ka cika robobin. Sai murjani, kowanne a inda ba zai taɓa ɗan'uwansa ba. Sai duwatsu, kuma a nan ne za ka fi natsuwa: su fita daga ruwa su shiga ruwa, kada su bushe. Ka girgiza kowanne a robar tsohon ruwa datti ya zube. Soson teku da ke manne da su yakan mutu in iska ta shige shi, ruɓewarsa kuma ita ke ta da amoniya bayan kwanaki. Kifaye ne na ƙarshe, don in duwatsu sun fita, ruwa ya ragu, kama su ba ya wahala.

Ka sa safar hannu da tabarau. Wasu nau'o'in murjani masu laushi, irin su Palythoa da wasu Zoanthus, suna da guba mai suna palitoksin, wadda ke shiga ta rauni ko ido. Kada ka kuskura ka tafasa dutse ko ka zuba masa ruwan zafi, tururinsa ya kwantar da mutane a asibiti.

Wajen jera duwatsu, su zauna a kan gilashin ƙasa kafin yashi ya kewaye su, don kada kifi mai tono ya rushe ginin. Ka bar sarari da yawa, murjani zai cike shi.

Makonnin da ke biye

Ka rage hasken fitilu sosai a farko, ka riƙa ƙarawa a hankali cikin makonni. Murjani yana rayuwa da ƙananan gansakuka da ke cikin namansa, haske mai ƙarfi na ba-zata yana sa ya kore su ya yi fari fat. Ka auna amoniya kullum a makon farko, alkaliniti kuma sau 2 ko 3 a mako, domin yawan sinadarin da kake ƙarawa don riƙe alkaliniti a tsohon tanki ba shi ne na sabon ba. Ƙura mai ruwan ƙasa za ta rufe yashi da gilashi, kada hankalinka ya tashi, kowane sabon tanki yana yin ta kuma tana wucewa. Ruwan da ya ƙafe, da tataccen ruwa marar gishiri ake cike gurbinsa, tunda gishiri ba ya tashi da tururi.

Za ka ga fili, zuciya ta ce a ƙaro kifi. Ka ba shi wata guda tukuna. In lokacin ya yi, kowane sabon kifi ya fara zama a ƙaramin tankin killacewa na makonni, a shigo da su ɗaya ko biyu a lokaci guda. Cutar fararen ɗigo in ta shiga tanki mai lita 600 cike da duwatsu, kama kifayen sai an rushe komai, maganin jan ƙarfe da ke kashe ta kuma yana kashe murjani, don haka a tankin killacewa kaɗai ake zuba shi.