Kurakuran da Ke Hana Na'urorin Kashe Gobara Aiki a Masana'antu

A tsarin bututun da ake shimfiɗawa a rufin gini domin ya fesa wa gobara ruwa da kansa, kuskure mafi muni kuma mafi yawa shi ne barin bawul ɗin, wato makunnin da ke ba bututun ruwa, a rufe. Injiniya zai rufe shi domin gyaran yoyo, aikin ya ƙare, a manta, sai ranar da wuta ta tashi a tarar da kawunan fesa ruwa sun buɗe amma babu ko ɗigo. Maganinsa shi ne a sa wa kowane bawul sarƙa da kwaɗo yana buɗe, a haɗa shi da ƙararrawar da za ta yi kuka idan an taɓa shi, kuma duk wanda ya rufe shi ya sa hannu a takarda. Haka nan ba a kashe ruwan da zarar hayaƙi ya ragu sai 'yan kwana-kwana sun tabbatar wutar ta mutu. A gobarar wani katafaren sito mai aiki da mutum-mutumi a garin Andover na Ingila a shekarar 2019, an kashe ruwan na ɗan lokaci, wutar ta samu sarari, ginin ya ƙone ƙurmus.

Mutane da yawa suna zaton hayaƙi ne ke buɗe kawunan, alhali zafi ne. Kawuna da yawa suna da 'yar kwalba mai ruwa mai launi a ciki, wadda ke fashewa idan zafi ya kai mizaninta: mai ja a digiri 68 na ma'aunin Celsius, mai ruwan ɗorawa a 79, koriya a 93. Idan aka sa mai ja a ƙarƙashin rufin kwano kusa da tukunyar tururi, za ta fashe ba gobara. Idan kuma mai fenti ya shafe ta, fentin zai jinkirta ta ko ya liƙe ta, kuma irin wannan ba a wanke shi, sai dai a sauya kan gaba ɗaya. Dole ne kuma a bar tazarar aƙalla santimita 45 tsakanin kai da saman kaya, sannan tsarin da aka ƙera domin buhunan hatsi ba zai wadatar ba ranar da sito ya koma ajiye robobi ko katifun soso.

A unguwannin masana'antu irin su Sharaɗa da Bomfai a Kano, dogaro da famfon lantarki kaɗai ganganci ne, domin wutar lantarki na iya ɗaukewa a daidai lokacin buƙata. A ajiye famfon dizal, a riƙa tayar da shi minti 30 kowane mako, kuma kada a ɗebi ruwan tankin gobara domin wanke-wanke. Ƙurar hunturu ma tana toshe na'urorin jin hayaƙi har su riƙa kuka ba dalili. A share su, kada a cire waya don an gaji da ƙara.

Ɗakunan da ake kashe wa wuta da iskar kabon dayoksaid suna da haɗari na daban, domin yawan iskar da ke kashe wuta yana kashe mutum. Wajibi ne ƙararrawa ta riga fitar iskar, a kuma toshe ramukan wayoyi, in ba haka ba iskar ta zurare kafin ta yi aiki.

Mutum-mutumin kashe gobara, irin Colossus da aka tura cikin majami'ar Notre-Dame ta Faris a 2019, yana shiga inda zafi ya fi ƙarfin mutum, yana jan mesar ruwa a bayansa, amma mai sarrafa shi yana waje. Kafin a saya, a horar da masu tuƙa shi, a auna faɗin hanyoyin cikin masana'anta, a kuma tabbatar batirinsa na cike kullum.