Yadda ake gyara bidiyon da ya ƙi buɗewa a burauza ba tare da Flash ba

Ka biya kuɗin Netflix, ka danna fim, sai allo ya yi baƙi ƙirin. Ko kuma wani shafi ya ce sai ka sauke Flash tukuna, wato tsohuwar manhajar da ake ƙara wa burauza don kunna bidiyo.

Abu na farko, rufe shafin da ke neman Flash ɗin. Kamfanin Adobe ya daina kula da Flash ranar 31 ga Disamba 2020, daga 12 ga Janairu 2021 kuma ya hana shi aiki. Silverlight, takwaransa na Microsoft, wanda Netflix ya daɗe yana dogaro da shi, ya bi sahu a Oktoba 2021. Duk wanda ya miƙo maka Flash yau, tarko ya ɗana maka. Ƙanena ya taɓa danna irin wannan jan maɓallin, sai tallace-tallace suka dinga ɓullowa a allonsa ba ƙaƙƙautawa, har sai da muka wanke kwamfutar kakaf.

Makullin da ke hana kwafar fim yanzu a cikin burauzar yake. Chrome da Firefox suna amfani da Widevine na Google, Safari kuma FairPlay na Apple. In makullin ya samu matsala, fim ba zai buɗe ba. To can za ka leƙa.

A Chrome, rubuta chrome://components a gurbin adireshi, nemo Widevine Content Decryption Module, danna Check for update. Sannan shiga chrome://settings/content/protectedContent ka tabbatar an bar shafuka su kunna bidiyo mai kariya. A Firefox, shiga Settings, gangara sashen General, sa alama a Play DRM-controlled content. Rufe burauzar, sake buɗewa. In har yanzu shiru, sabunta burauzar kanta daga cikinta, kada ka bi wata mahaɗa da aka turo maka.

Ban ce wannan tsari ba shi da aibi ba. Da hukumar W3C, mai tsara ƙa'idojin yanar gizo, ta amince da ƙa'idar EME, wadda ke ba burauza damar aiki da irin wannan makulli, a Satumba 2017, ƙungiyar EFF mai kare haƙƙin masu amfani da intanet ta fice daga hukumar, kuma na ga dalilinta: an dasa akwati rufaffe, wanda ba kowa ke da ikon bincika cikinsa ba, a tsakiyar ƙa'idojin da aka gina don kowa. Abin yana damuna. Duk da haka ya fi Flash aminci, domin burauza tana killace shi, tana kuma sabunta shi da kanta.

In fim ya dawo amma hoton allon da ka ɗauka ya fito baƙi, kada ka taɓa komai. Makullin ne ke aikinsa.