Yadda ake haɗa kwantirolar sola da faranti da batir

Duk wanda ya taɓa zare kuɗi ya sayi batirin tubula, wato batir mai ruwa, ya san zafin ganinsa ya mutu kafin ya zagayo shekara. Sai a yi ta zagin mai shago, alhali sau da yawa batirin lafiyarsa ƙalau ya zo, a gida aka kashe shi. Farantin sola da ake ce wa na bolt 12 yakan fitar da kusan bolt 21 ko 22 idan ba a ɗora masa komai ba, shi kuwa batir mai ruwa abin da yake buƙata bai wuce bolt 14.4 ba. In ka jona su kai tsaye, ruwan batirin zai riƙa tafasa har ya ƙafe. Da dare kuma, in farantin ba shi da abin tare wuta, cajin na iya sulalewa ya koma baya. Kwantirola ce ke tsayawa tsakaninsu, ta auna abin da batir zai iya ɗauka, ta tsayar idan ya ƙoshi.

Bari mu yi misali da abin da ake yawan gani a shagunan caji da gidajen masu ƙaramin ƙarfi: faranti biyu masu wat 200 kowanne, da batir ɗaya mai bolt 12 da 200Ah (Ah shi ne ma'aunin yawan cajin da batir ke iya ɗauka).

Fara da karanta bayan farantin

Akwai takarda manne a bayan kowane faranti. Lambobi biyu za ka nema: Voc, wato iyakar bolt ɗin da yake fitarwa, da Isc, iyakar amfiyarsa. Farantin wat 200 irin na bolt 12 yakan nuna Isc tsakanin 11 da 12. Idan ka haɗa biyun ja da ja, baƙi da baƙi, bolt bai canza ba amma amfiya ta ninka, ta kai wajen 24. Ƙara kashi ɗaya cikin huɗu a kai saboda ranakun da rana ke ƙwallewa, ka samu 30. Kwantirola mai 30A ke nan ta cika maƙil. Ni dai 40A zan saya, don wanda ya ɗanɗana daɗin sola ba ya daɗewa bai ƙaro faranti ba.

PWM ko MPPT?

A nan ne ake yawan tafka asara. Kwantirola iri biyu ce, PWM da MPPT. PWM ita ce mai araha, kuma aikinta shi ne ta janyo bolt ɗin faranti ya sauko daidai da na batir. Rarar da ke sama ta tafi a banza. Da farantin bolt 12 da batirin bolt 12, asarar ba ta taka kara ta karya ba, don haka a misalinmu PWM ta wadatar.

Matsalar tana zuwa ne idan mutum ya sayo irin manyan farantan nan na wat 550 da suka cika kasuwa yanzu. Waɗannan suna aiki ne a kusan bolt 41, amfiyarsu kuma 13 da ɗoriya. Ka sa shi a PWM da batirin bolt 12, amfiya 13 ɗin nan ce kawai za ta shiga, wato ƙasa da wat 200 daga cikin 550 da ka biya wa kuɗi. MPPT kuwa tana karɓar rarar bolt ɗin ta mayar da ita amfiya, sai wannan farantin ya iya tura abin da ya kai 35 zuwa 40. Wajen zaɓen girmanta, raba jimillar wat da bolt ɗin batir. Sannan ka duba iyakar bolt ɗin da take karɓa daga faranti, galibi 100 ko 150, kada Voc ɗinka ya kusance shi, musamman idan ka jera faranti ja zuwa baƙi, inda bolt ke taruwa. Da sanyin safiyar hunturu bolt ɗin faranti yakan ɗaga sama da abin da aka rubuta.

A kula da jabu. Akwai ƙananan kwantiroli da aka buga musu MPPT a fuska amma cikinsu PWM ce. Ɗauke ta a hannu ka ji. Ta gaskiya tana da nauyi saboda naɗin tagulla da ke cikinta da ƙarfen fitar da zafi a bayanta. In ka ji ta sakayau kamar rediyon yara, kuma kuɗinta bai fi na PWM ba, ajiye musu kayansu.

Haɗawa: batir da farko

Kafa kwantirolar a bango, a inuwa, inda iska ke ratsawa, kusa da batir amma ba daidai kansa ba, saboda batir mai ruwa yana fitar da iskar da ke cin ƙarfe, mai kama wuta kuma. Yi amfani da waya mai kauri, 10mm tsakanin kwantirola da batir, aƙalla 6mm daga faranti, ta fi haka in nisan da yawa. Siririyar waya zafi take yi ta cinye cajin a hanya. Sa fis a jar wayar, dab da kan batir, na 50A ga kwantirola mai 40A.

Ramukan da ke ƙasan kwantirola yawanci shida ne, biyu-biyu: hoton faranti, hoton batir, hoton ƙwan fitila.

1. Ɗaura wayoyin batir a ramukansu, filas a filas, mainas a mainas, ka matse su da sukudireba sosai. Allon zai kawo, ta gane ko bolt 12 ne ko 24.
2. Shiga saitin ka zaɓi irin batirinka tun kafin rana ta shigo.
3. Rufe farantan da bargo ko kwali, ko ka kashe bireka in ka sa. Auna wayoyinsu da mita ka tabbatar da ja da baƙi, kada ka yarda da kalar roba kaɗai. Ɗaura su, sannan ka yaye.
4. Kayan wuta su ne na ƙarshe.

Dalilin sa batir da farko shi ne daga gare shi kwantirola ke samun wutar da take tunani da ita. In faranti ya riga shi, tana iya rikicewa ta ɗauki batirin 12 a matsayin 24, ko ta ƙone nan take. Ranar kwancewa sai a juya: faranti ya fara fita, batir ya zama na ƙarshe. Wannan ya shafi har ranar da za ka ɗan cire batir don goge kansa.

Ramin mai hoton fitila na ƙananan kaya ne, ƙwan DC da fankar DC da cajin waya. Inbata ba ta shiga nan. A kan batir ake ɗaura ta kai tsaye da nata fis ɗin, domin abin da take ja ya fi ƙarfin kwantirola nesa ba kusa ba.

Saiti

Ga batir mai ruwa: 14.4 wajen cikawa, 13.7 wajen riƙe caji, sai dai in takardar kamfanin ta faɗi wani abu daban, to bi nata. Yawancin kwantiroli suna zuwa da saitin yanke wa kaya wuta idan batir ya sauka zuwa kusan 11.1 ko ƙasa, kuma wannan ya yi zurfi ƙwarai. Batir mai ruwa da ya huta, in ya nuna 12.7 a cike yake, in ya nuna 12.1 ya kai rabi, kuma yawan wuce rabin nan ne ke gajarta masa kwana. Ɗaga wurin yankewar zuwa wajen 11.8. Idan litiyom ne irin LiFePO4, zaɓi saitinsa na musamman, tsakanin 14.2 da 14.6, ka kashe cajin daidaitawa (wanda ake rubutawa equalization a saitin) gaba ɗaya, don na batir mai ruwa ne.

Bayan an gama

Ka leƙa allon da tsakar rana. A misalinmu, in batir na jin yunwa, ya kamata ka ga amfiya wajen 17 zuwa 20. Ganin ƙasa da haka sosai, fara zargin ƙura kafin ka zargi kwantirola. A Kano ko Zinder lokacin hunturu, kwana kaɗan ya isa faranti ya yi fari fat, don haka a goge shi da ruwa da tsumma mai laushi da sassafe, kafin gilashin ya ɗau zafi. A fuskantar da shi kudu, a ɗan karkace kamar digiri 10 zuwa 15, a kuma duba kada inuwar tankin ruwa ko reshen darbejiya ta faɗa ko da gefensa ne. Amfiya na raguwa da kanta idan batir ya kusa cika, wannan ba matsala ba ce.

Bayan sati ɗaya ka sake bin sukurorin ka matse, domin waya takan saki. Ruwan batir kuma a duba shi duk wata, a bazara ma fiye da haka, a ƙara masa tataccen ruwan batir na kwalba (distilled water, ba asid ba), ban da na rijiya ko na leda.