Kurakuran da Ake Yawan Yi Wajen Ɗaukar Masu Kwashe Kaya In Za a Tashi Daga Gida

Na gaji da jin ƙorafi iri ɗaya. Mutum ya ɗauko kamfanin kwashe kaya zai koma sabon gida, bayan kwana biyu sai ka ji yana cewa sun ƙara masa kuɗi, sun fasa masa madubi, kwali ɗaya ya yi ɓatan dabo. Wani lokacin gaskiyarsa ce. Amma in ka bi labarin daki-daki, yawanci tun kafin motar ta iso ƙofar gida aka shuka matsalar. Sau biyu abin ya same ni, kuma na ji a jikina.

Babban kuskure shi ne ƙulla ciniki ta waya ba tare da an zo an ga kayan ba. A tashina na farko na kira wani kamfani, na ce gida ne mai ɗaki uku, suka yanka kuɗi, na amince. Ban faɗa musu sabon gidan a hawa na uku yake ba, kuma matattakala kawai ake bi. Ban ambaci sito ba, wanda ke maƙare da littattafai da tsofaffin kayan aiki. Ba ɓoyewa na yi ba, ban ɗauka abin faɗa ba ne. Sai da aka loda rabin kaya sannan shugaban ma'aikatan ya buɗe siton, ya ce motar nan ba za ta kwashe a sahu ɗaya ba, kuma mutum ukun da ya zo da su sun yi kaɗan. Kuɗi ya kusan ninkawa. Kayana na cikin motarsu, mai gidan da zan bari yana jiran makullinsa da yamma, ba ni da takarda ko ɗaya a hannu. Da me zan yi gardama? Na biya raina a ɓace, har yau kuma in na tuna sai na ji zafin abin.

Su waɗannan mutane lokaci da ƙarfi da wurin mota suke sayarwa, kuma da abin da ka faɗa musu suke lissafi. Gani ya kori ji. Yanzu ba na yarda sai wakilinsu ya zo, ko aƙalla na zagaya da shi ta kiran bidiyo, ina buɗe kowane kabad da kowane lungu. Sannan a rubuta: jerin manyan kaya, mutum nawa za su zo, kuɗin na awa ne ko dunƙule, in na awa ne daga ina agogo zai fara, daga harabarsu ko daga ƙofata. A rubuta kuɗin hawa bene, da na nisan da za a ɗauki kaya in motar ba za ta iya tsayawa kusa ba, da wanda zai kwance gado ya sake ɗaurawa. Ba na biyan kuɗi duka kafin a fara aiki. Kafin alƙalami kaɗan, sauran sai an sauke.

Na biyun ya fi ciwo. An gama saukewa da daddare, na gaji liƙis, aka miƙo mini takarda na sa hannu ban karanta ba. Ashe shaida ce cewa na karɓi komai lafiya. Da safe na tarar gilashin kabad ya tsage, firiji kuma ya ƙi sanyi, domin a kwance aka ɗauko shi, ni kuma ina shigowa na jona shi da wuta. In aka kwantar da firiji, man injinsa yana iya gangarawa cikin bututun sanyaya, shi ya sa ake so a ɗauke shi a tsaye, in kuma an kwantar da shi a bar shi ya tsaya kamar awa 24 kafin a kunna. Da na kira kamfanin, sa hannuna suka nuna mini. A nan ne kuma na gano cewa diyyar da kamfanoni da yawa ke bayarwa ba tare da ƙarin inshora ba, bisa nauyin kaya take, ba darajarsa ba, kuma kwalin da ka haɗa da hannunka sau da yawa ba sa ɗaukar alhakin abin da ya fashe a ciki. Ka tambayi wannan tun ranar ciniki. Ni dai yanzu ina ɗaukar hoton duk wani kaya mai tsada kafin a taɓa shi, ina ƙirga kwalaye suna fita suna shiga, kuma duk ɓarnar da na gani sai na rubuta ta a jikin takardar kafin in sa hannu, ko da za su jira ni minti 30.

Yanzu kuma bari in juyo kanmu. Haba jama'a! Mutane su iso da sassafe su tarar ba ka naɗe ko tsinke ba, tufafi na kan igiya, kwanuka ba a wanke ba, sannan ka riƙa daka musu tsawa wai suna ɓata lokaci? Wanda ya hau bene sau hamsin da katifarka da kujerunka a kafaɗa ya cancanci gaisuwa, da ruwan sha, da a nuna masa banɗaki ba sai ya roƙa ba. Ka san sunan shugabansu, duk abin da kake so ka faɗa masa shi, kada ka bi kowa kana ba da umarni daban. Kada ka kama gefen kabad wai taimako kake yi, su sun saba da takun juna, kai za ka jawo a ji rauni. Ka janye yara da dabbobi daga hanya. Kuma kada ka ɓace a tsakiyar aiki a yi ta nemanka don a ji inda za a ajiye gado. Tukwici ba dole ba ne, amma in sun kyautata ina ba kowa nasa a hannunsa.

Sauran ƙanana ne. Littattafai a ƙananan kwalaye, kada kwali ya wuce kilo 20. Rubuta sunan ɗaki a gefen kwali, domin in an jera su saman ba ya ganuwa. Tukunyar gas da fetur da fenti yawanci ba sa ɗauka, ka yi musu wata dabara tun da wuri. Tsiyaye ruwan injin wanki. Talabijin mai faɗi a tsaye ake ɗaukarta. Auna ƙofofin sabon gidan kafin ranar, kada doguwar kujera ta kwana a waje.

Kuɗi da gwala-gwalai da fasfo da takardun makaranta da magunguna kuwa ba sa shiga motarsu sam. Jaka ɗaya nake zuba su, tare da cajar waya da kayan sawa na kwana biyu, in rataya ta a kafaɗata tun kafin ma'aikatan su iso.