Yadda Mazaunin Saudiyya Zai Shirya wa Lafiyarsa Kafin Tafiya Turai

Hausawan da ke zaune a Makka da Jidda da Madina sun saba da tafiya gida Najeriya ko Nijar, inda mutum ya san wanda zai nema idan jiki ya ƙi. Tafiya Turai daban take, domin a can asibiti yana da tsada ga baƙo, kuma magunguna da yawa ba sa sayuwa sai da takardar likita. Saboda haka yawancin shirin a nan Saudiyya ake yin sa, kuma ya kamata a fara shi aƙalla mako shida kafin ranar tashi.

Mataki na farko shi ne inshorar lafiya ta matafiyi. Duk wanda zai nemi bizar Shengen, wadda ke shigar da mutum Faransa da Jamus da Italiya da Sifen da sauran ƙasashen ƙungiyar, dole ne ya gabatar da inshorar da ba ta gaza Yuro 30,000 ba, wadda ke aiki a dukkan ƙasashen, tana kuma ɗauke da kuɗin jinyar gaggawa da na mayar da maras lafiya ko gawa gida. Mutane da dama suna sayen mafi arha don kawai ofishin jakadanci ya karɓi takardunsu, kuma wannan ganganci ne ga mai ciwon suga ko hawan jini ko ciwon zuciya, domin inshora mai arha takan cire duk ciwon da mutum ya zo da shi daga gida. A karanta wannan sharaɗin, a faɗa wa kamfanin gaskiyar ciwon, a biya ƙarin idan an nema. Kada a dogara da inshorar da ke haɗe da igama, wato takardar izinin zama a Saudiyya, sai an tambayi kamfanin ko tana aiki a wajen Masarautar. Ingila ba ta cikin Shengen, amma a can ma baƙon da aka kwantar a asibitin gwamnati ana cajinsa kashi 150 cikin ɗari na kuɗin jinyar.

Mataki na biyu shi ne ganin likita a duba rigakafi. Manhajar Sehhaty tana nuna alluran da aka yi wa mutum a nan, amma wanda aka haifa a gida sau da yawa ba shi da katin ƙuruciya. Abin da ya fi muhimmanci shi ne ƙyanda, wadda mutane ke ɗauka cutar ƙauye ce da Turai ta wuce: a 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙidaya sama da mutum 127,000 da suka kamu a yankinta na Turai, adadi mafi yawa tun 1997. Ana buƙatar allura biyu, kuma babban da bai tabbatar an yi masa ba yana iya karɓa, ban da mai juna biyu. Mai tafiya da hunturu ya karɓi ta mura. Wanda zai shiga dazuzzukan Ostiriya ko kudancin Jamus da bazara ya tambayi likita game da cutar kumburin ƙwaƙwalwa da kaska ke yaɗawa, amma mai zama cikin gari bai cika buƙatar wannan ba.

Mataki na uku, wanda a ganina aka fi yi wa sakaci, shi ne magungunan yau da kullum. A nemi likita ya rubuta wasiƙa da Turanci mai ɗauke da sunan ciwon, da ainihin sunan sinadarin kowane magani, da yawan abin da ake sha, domin sunan da ke jikin kwali yana canzawa daga ƙasa zuwa ƙasa: abin da ake kira Panadol a Jidda, a Faransa an fi saninsa da Doliprane, alhali duka farasitamol ne. A ɗauki abin da zai ishi tafiyar da ƙarin na mako guda, a bar shi cikin kwalinsa na asali, a sa shi a jakar hannu. Insulin musamman ba a sa shi cikin akwatin da ake lodawa a ƙasan jirgi, saboda sanyin wurin yana iya daskarar da shi ya lalace. Tiramadol da kodin da magungunan barci suna ƙarƙashin doka mai tsanani, don haka a tambayi ofishin jakadancin ƙasar adadin da aka yarda a shiga da shi. Garin maganin gargajiya da aka ƙulle a leda ba tare da suna ba, gara a bar shi a gida, domin jami'in kwastan ba shi da hanyar sanin ko mene ne. Haka kuma kada a karɓi saƙon magani daga hannun kowa, komai kusancinsa.

Mai ciwon suga ya lura cewa na'urar gwajin da ake amfani da ita a nan takan nuna lamba kamar 180, amma likitan Landan zai kira wannan 10, domin ma'auninsu daban ne, kuma ana samunsa ta raba lambar da 18. Bambancin lokaci bai da yawa, awa ɗaya ne tsakanin Riyad da Faris da bazara, biyu da hunturu, amma mai allura ya tsara sa'o'insa da likita.

Mataki na huɗu shi ne sanyi. Wanda jikinsa ya saba da zafin Makka zai sha mamakin Janairun Jamus, inda ruwa ke ƙanƙara. Ga mai sikila abin ya wuce rashin jin daɗi, domin sanyi da ƙarancin ruwa a jiki suna tayar da ciwon, shi ya sa ya kamata ya tanadi rigunan sanyi masu kauri da safa da hula tun kafin ya sauka, ya yawaita shan ruwa a cikin jirgi, ya kuma riƙe takardar da ke nuna rukunin jininsa. Tafiyar Jidda zuwa Landan ta kai awa shida, don haka a riƙa tashi ana taka ƙafa don gudun daskarewar jini a jijiya.

Idan an isa, lambar gaggawa a dukkan ƙasashen Tarayyar Turai ita ce 112, kyauta ce, kuma tana aiki a Ingila tare da 999. Wanda ya biya ta gida kafin ya wuce Turai, idan zazzaɓi ya kama shi ya gaya wa likita nan take cewa ya je Afirka ta Yamma, don a gwada zazzaɓin cizon sauro. A kuma bar tazara a bizar fita da dawowa ta Saudiyya, domin jinya tana iya tsawaita zama, kuma ya kyautu a san tun kafin tafiya wanda zai tsawaita ta a manhajar gwamnati ta Absher idan hakan ta faru.