Yadda ake kakkaɓo Zero da jirgin Wildcat a wasan War Thunder

Duk wanda ya hau jirgin yaƙi na F4F Wildcat a wasan kwamfuta na War Thunder ya san takaicin haɗuwa da jirgin Zero na Japan: kana bin sa a baya, kafin ka ankara ya zagayo ya zama shi ke bin ka. Kamfanin Grumman ya ƙera Wildcat gajere, mai nauyi, mai jure duka, kuma da shi sojojin ruwan Amurka suka riƙe yaƙin tekun Fasifik daga 1941 har magajinsa, jirgin Hellcat, ya iso a 1943. Wildcat yana da yadda ake bi da shi, musamman a Realistic, wato yanayin wasan da ke kwaikwayon tashin jirgi na gaske.

Da farko, nemi sama. Kana tashi kada ka nufi tsakiyar fage tare da jama'a. Karkata gefe ka yi ta hawa. Zero ya fi ka saurin hawa, don haka kana bukatar lokaci. Wannan matakin ne mutane suka fi ƙosawa da shi, kuma shi ne rabin nasara.

Idan ka hango Zero a ƙasanka, sai ka sulmiyo da gudu, ka matso har tazarar mita 300 ko ƙasa da haka, ka saki wuta kaɗan-kaɗan, ka wuce. Kada ka juya ka bi shi. Yi amfani da gudun da ka tara ka koma sama, sannan ka sake dawowa. Zero na farkon yaƙi ba shi da sulke, tankin mansa kuma ba ya toshe kansa idan harsashi ya huda shi, shi ya sa harsasai masu tada gobara na bindigogin Browning milimita 12.7 ke cinna masa wuta nan take. Amma ka yi tattali. Wildcat samfurin F4F-4 na da bindigogi 6, kowace da harsashi 240, abin da bai wuce harbin daƙiƙa 20 ba. F4F-3 kuwa bindigogi 4 ne masu harsashi 450 kowace, kuma ya fi sauƙin nauyi. A ganina sabon shiga ya fara da shi.

To, idan Zero ne ya faɗo bayanka fa? Kafa hanci ƙasa, ka ba inji wuta duka. A watan Yulin 1942 Amurkawa sun tsinci wani Zero kusan lafiya lau a tsibirin Akutan na Alaska, suka gyara shi suka gwada. Sun gano cewa idan gudu ya yi yawa sandar tuƙinsa tana yin tauri, mirginawa ta yi masa wuya, musamman zuwa dama. Saboda haka bari gudu ya taru tukuna, sannan ka mirgina dama ka fice. Wannan dabarar ba ta aiki idan kana dab da ruwa, kuma dalili ke nan da ya sa muka fara da hawa.

Mafi daɗin duka shi ne saƙar Thach, wadda matuƙin jirgin sojan ruwan Amurka John Thach ya fara gwadawa a fagen daga ranar 4 ga Yunin 1942 a yaƙin Midway. Ku biyu za ku tashi kafaɗa da kafaɗa, da tazara mai ɗan faɗi tsakaninku. Da zarar Zero ya manne wa ɗaya, sai ku karkato ku fuskanci juna. Wanda ake bi zai jawo Zero har gaban bindigogin ɗan'uwansa. Kun gitta, ku sake karkatowa, haka dai kamar saƙar tabarma. Sai da magana take yiwuwa, don haka ku haɗa murya ta manhajar hira ta Discord, mai ganin Zero ya fara kira.

Idan aka zo gaba da gaba, jikinka ya fi nasa ƙwari, amma ka kula da manyan bindigoginsa 2 masu milimita 20. A Zero na farkon yaƙi, harsashi 60 kacal kowace ke ɗauka. Idan ya ɓarar da su, ƙananan na milimita 7.7 ne suka rage masa, kuma Wildcat na iya shanye su da yawa ya koma gida.